Alkawarin mai walda da lissafin da ba a yi ba

Da zarar masara ta fara bushewa a gonakin Doguwa da Dadin Kowa, shinkafa kuma ta sunkuyar da kai a fadamun Tudun Wada, shagunan walda da ke bakin titin Kano zuwa Jos ba su ƙara samun hutu sai bayan kaka. Wannan na son injin bugun masara, wancan na son a faɗaɗa masa bakin injin casa, wani kuma kurar ƙarfe yake so wadda za ta bi hanyar gona da buhuna ba ta karye ba. Kowa ya ba da kafin alƙalami, kowa an yanka masa rana. "In sha Allahu, Alhaji, kasuwa mai zuwa ka zo ka ɗauka." Kasuwa ta ci ta watse, wata ta sake ci, inji na nan a kife, ba fanka ba rariya. Daga nan sai a yanke hukuncin da kowa ya haddace: masu sana'ar hannu ba su da alkawari.

Akwai maƙaryata a cikinsu, kowace sana'a ma tana da nata. Amma ban yarda ƙarya ce ke cinye yawancin waɗannan ranaku ba. Mutumin da kuke gari ɗaya, kuna haɗuwa a masallaci da wurin suna da jana'iza, ba ya jin daɗin laɓewa bayan shago idan ya hango babur ɗinka. Ranar da ya faɗa maka, har zuciyarsa ya yarda da ita sa'ad da yake faɗa. Lissafi ne ya kayar da shi, irin lissafin da ya sha kayar da manyan kamfanoni masu ɗaruruwan injiniyoyi.

Mu ɗauki injin bugun masara guda ɗaya mu bi sawunsa. Aikin oda ne, ba a ƙera shi a jibge a jira mai saye, kuma da wuya ka sami biyu iri ɗaya. Wani gonarsa na cikin duwatsun wajen Riruwai inda mota ba ta shiga, yana son wanda mutum huɗu za su ɗaga. Wani haya zai riƙa yi da shi ƙauye-ƙauye, yana son tayoyi. Wani so yake inji ɗaya ya yi masa masara da dawa da waken suya, a riƙa canza rariya kawai.

Sai babbar tambaya: wane inji ne zai ja shi? "Kai dai fara, Malam, injin na wurin ƙanena a Saminaka, zan aiko maka." Mai walda ya fara, domin kuɗi na hannunsa, kuma ya san ƙarfen da bai saya yau ba gobe ya fi haka tsada. A ce ya ƙaddara na dizal ne mai juyi 2,400 a minti. Ya tanadi fuli mai inci 3 na jikin inji, da mai inci 12 na jikin ganga, ganga za ta riƙa juyi 600. Ranar da inji ya iso sai ga shi na fetur ne, irin ƙananan nan da ke kaiwa 3,600. Da waɗannan fulin ganga za ta yi 900, ta riƙa farfasa tsaba, manomi ya kwashi tsaki a buhu. Dole a nemo fuli mai inci 18. Shi kuma ba zai shiga gurbin da aka bari ba sai an yanke ƙafar firam an matsar. Raminsa bai dace da kaurin shaf ba, sai an koma wurin mai injin fere ƙarfe. Bel ɗin da aka saya ya yi gajere. Ramukan da aka huda don zaunar da inji sun saɓa da ƙafafunsa. Magana ɗaya da ba a tsayar ba ta warware ayyuka biyar da aka riga aka gama. Kuma daga Doguwa, fuli ko boris ɗin da babu a kusa na nufin saƙo zuwa Ƙofar Ruwa a Kano: a ratsa dajin Falgore, a wuce Tudun Wada da Kwanar Dangora, sannan a zauna jiran direba.

Duk wannan tsara fasali ne, ko da babu wanda ya riƙe alƙalami. Sai dai fasalin a warwatse yake cikin kawuna huɗu. Manomi ya san gonarsa da aljihunsa, mai walda ya san ƙarfe, mai fere ƙarfe ya san iyakar injinsa, mai shago a Kano shi ya san lambar boris ɗin da ke kasuwa wannan makon. Ba su taɓa zama wuri ɗaya ba, kowa na yanke shawara bisa zaton abin da sauran za su yi. Kafinta ma bai tsira ba idan bukukuwa sun kankama bayan kaka: a haɗa gado da sif ɗin amarya alhali ɗakin bai kai linta ba, ranar jere a tarar sif ya fi ƙofa tsawo.

Masana'antun Turai da Amurka sun daɗe suna aiki bi da bi. Masu zane su gama su miƙa wa injiniyoyi, su kuma su miƙa wa masu ƙira, sai can a ƙarshe mai ƙira ya ce wannan abu ba ya ƙeruwa, takarda ta koma baya. A shekarun 1980, ganin yadda kamfanonin motocin Japan ke riga su fitar da sabuwar mota, aka shiga neman dalili. A 1988 wata cibiyar nazari da ke yi wa ma'aikatar tsaron Amurka aiki ta fitar da rahoton da ya tsayar da tsarin: a haɗa duk masu hannu a abu tun ranar farko, a tsara shi a kuma tsara yadda za a ƙera shi a lokaci guda. Da wannan salo Boeing ya haɗa jirginsa samfurin 777, wanda ya fara tashi a 1994. An zana shi kacokan a kwamfuta, an raba aikin ga ƙungiyoyi sama da 200 da kowace ta haɗa masu zane da masu ƙira, an kuma zaunar da kamfanonin jirage takwas da ake sa ran za su saya don su faɗi abin da suke so tun ba a yanka ƙarfe ba. Toyota kuwa, wajen haɗa motar Prius da ta fito a 1997, ɗaki guda babba aka ware inda shugabannin sassa ke haɗuwa, zane-zane a manne a bango.

Idan aka kawo wannan labari taron horar da masu sana'a, yawanci a juye ake kawo shi. Sai a ce su ma su koyi gudanar da ayyuka a lokaci guda don su yi sauri. To ai mai walda a Kafin Maiyaki ko Tiga ba ya buƙatar wannan wa'azi. Ba shi da sassa, ba shi da ofis-ofis, tun fil azal komai a lokaci guda yake yi: yaro na yankan ƙarfe, wani na hanyar Kano, shi yana waya da mai kaya. Abin da ba a faɗa masa shi ne rabin darasin na biyu, wanda su kansu manyan kamfanonin sai da suka sha wuya suka gane. Fara aiki kafin bayanin da ya dogara a kai ya tsaya caca ce. Wani lokaci a ci ribar kwanaki, wani lokaci a yi aikin sau biyu, kuma aikin da aka yi sau biyu ya fi wanda aka jira tsada, domin an biya ƙarfe, an biya wayar walda, an ƙona man janareto.

Ta yaya za a bambance aikin da ya kamata a fara da wanda ya kamata ya jira? A 1981 wani injiniya Ba'amurke, Donald Steward, ya wallafa wata dabara da ba ta buƙatar komai sai takarda. A jera duk shawarwarin da aikin ya ƙunsa daga sama zuwa ƙasa, a sake jera su daga hagu zuwa dama, sai a sa alama a duk inda ɗaya ke jiran amsar ɗaya. Steven Eppinger na jami'ar MIT da abokan aikinsa sun faɗaɗa ta daga baya har ta shiga masana'antun mota da na jirgi. Idan aka yi wa injin bugun masara wannan jadawali, nan take zai rabu gida biyu. Akwai abubuwan da ba ruwansu da kowa: mazurarin zuba masara, tayoyi, murfi, fenti. Waɗannan a fara su yau, ko a bar wa yara. Akwai kuma wani ƙulli da ke zagaye kansa: girman ganga na jiran ƙarfin inji, inji na jiran kuɗin manomi, kuɗin da manomi zai iya fitarwa na jiran buhu nawa za a buga a wuni, wannan kuma ya koma kan girman ganga. Ba a kwance irin wannan ƙulli da saƙon baki ta hannun direba. Sai an zauna, inji a gabanka ka karanta lambarsa, mai fere ƙarfe da mai shago a kan waya, a tsayar da magana cikin awa ɗaya. A ganina wannan zaman shi ne duk abin da ƙaramin shago ke buƙata daga darasin Boeing.

Jadawali yana nuna abin da ke jiran abu, amma ba ya faɗin rana. A nan kwaikwayon aiki ke shigowa. Mutane da yawa idan sun ji an ce a gwada a kwamfuta, hoton inji ne ke zuwa musu yana juyawa a fuskar allo. Wannan ma yana da amfani, sai dai ba shi ke saɓa alkawari ba. Wanda nake nufi shi ne a kwaikwayi tafiyar aikin kansa: wa zai yi me, kwana nawa yakan ɗauka idan an yi sa'a, nawa idan ba a yi ba, sau nawa cikin goma akan dawo da shi gyara. Sai a sa kwamfuta ta gudanar da aikin sau dubu, kowane karo tana zaɓen ranakun ta hanyar ƙuri'a, a ga inda yawanci ke ƙarewa. Masanin lissafi Stanislaw Ulam ne ya faɗo kan wannan hanya a 1946, yana jinya yana wasan karta shi kaɗai, da ya ga ya fi sauƙi a buga wasan sau da yawa a ƙirga da a tsaya lissafa yiwuwarsa.

Abu na farko da irin wannan gwaji ke tonawa yana ba da mamaki. A ce ayyuka huɗu ke tafiya tare: firam, shaf a wurin fere, saƙon Kano, da zuwan inji. A ce kowanne, sau bakwai cikin goma yana kammala a kan lokaci. Mai walda ya dubi kowanne ya ga alheri, ya yanka rana da zuciya ɗaya. Amma ba a haɗa inji sai duka huɗun sun iso, kuma yiwuwar haka ita ce bakwai cikin goma a ninka a kanta sau huɗu, wato kashi 24 cikin ɗari. Bai kai ɗaya cikin huɗu ba. Babu wanda ya yi ha'inci, babu wanda ya yi lalaci fiye da yadda aka saba, amma sau uku cikin huɗu Alhaji zai zo ya koma hannu rabbana. Ko an ɗaga kowanne zuwa takwas cikin goma, kashi 41 kacal za a samu. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta iya wannan ninkawar da ka, kowa matsakaici yake ɗauka, alhali wanda ya fi kowa makara shi ke yanke ranar.

Na biyu shi ne layi. Masu fere ƙarfe ba su kai masu walda yawa ba, shaguna da dama kan dogara da mutum ɗaya, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas. Tun 1909 Agner Erlang, ma'aikacin kamfanin tarho na Kwapanhagan, ya fara lissafin yadda jira ke taruwa. Idan aiki na zuwa barkatai kuma tsawonsa ba ɗaya ba, mutumin da hannunsa ke cike rabin lokaci za ka jira shi kwatankwacin tsawon aiki guda. Idan ya cika kashi 80, jiran ya ninka huɗu. A kashi 90 ya ninka tara. Duk wadda ta taɓa kai niƙa ranar jajibirin sallah ta san wannan a jikinta: injin bai rage gudu ba, amma kwanon da akan karɓa nan take sai bayan isha'i. Shaf ɗin da ake ferewa cikin wuni ɗaya a watan Maris shi ne ke kwana bakwai a Oktoba, mai walda kuwa da ranakun Maris yake yin alkawarin Oktoba.

Ba sai an mallaki kwamfuta ba kafin a ɗanɗana wannan. A samu kwano huɗu, kowanne na aiki ɗaya. A kwanon saƙon Kano a zuba 'yan takardu goma, a rubuta a jikinsu kwanakin da saƙonni goma na baya suka ɗauka: biyu, biyu, uku, biyu, shida, haka dai. A yi wa sauran haka. A ƙara kwano ɗaya na gyara, mai takardu irin "ya wuce" da "a sake". Oga da yaransa su zauna bayan la'asar, a zaro takarda daga kowane kwano, a bi jadawali a tara kwanaki, a rubuta, a mayar, a sake. Kafin a yi talatin siffar abin ta bayyana: mafi gaggawa kwana tara, galibi sha huɗu, wani lokaci ashirin da biyu. (Littattafan Turawa da ɗan lido suke koyar da wannan. A garuruwanmu gara takarda da kwano, kada wani dattijo ya leƙo ya fita da labarin an buɗe gidan caca a shagon walda.) Wanda ke da babbar waya kuwa, manhajar jadawalin lissafi ta kyauta za ta yi masa dubu cikin ƙiftawar ido. Sannan a fara tambayar da ta fi riba: idan na ƙi taɓa firam sai inji ya iso fa? Idan na ajiye boris da fuli na lambobin da na fi amfani da su tun watan Agusta? Idan na tsaya a oda uku a lokaci guda maimakon bakwai? Kowace amsa takarda kawai ta ci.

Ina kyautata zaton yawancin shaguna za su iske abu ɗaya: ba kowane zaɓi ya cancanci a bar wa mai oda ba. A 1987 kamfanin kekuna na National a Japan, mai yin kekunan Panasonic, ya fara haɗa wa mutum keke daidai jikinsa. A auna shi a shagon dila, a aika ma'aikata, cikin mako biyu keke ya iso. Sirrin shi ne zaɓin launi da tsawo da sauransu na da yawan gaske, amma duk daga cikin jerin da ma'aikatar ta riga ta shirya wa. Mai walda da ya tsayar da ganga iri biyu, shaf mai kauri ɗaya, da mazaunin inji mai dogayen ramuka da zai karɓi dizal ko fetur, ya kashe rabin ƙullin nan tun kafin manomi ya yi sallama. Tayoyi, tsawo, rariya da fenti, wannan Alhaji ya zaɓa yadda ransa ke so.

Akwai inda wannan magana ke da rauni, kuma ba ƙarami ba. Manhajojin da ake sayarwa don irin wannan aiki an gina su ne a kan kamfanin da ke da rubutaccen tarihin kowane aiki, wuta ba ta ɗaukewa, farashi na tsayawa wata shida. Wanda ya sayo su ya kawo Kiru ya yi asarar kuɗinsa. Ko kwanon nan, idan ba a rubuta kwanakin gaskiya ba, zato za a zuba a ciki zato kuma za a zaro. Sannan akwai abin da lissafi ba ya magani. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, jarin ƙananan shaguna ya narke, har kafin alƙalamin sabon aiki ya zama shi ke ƙarasa tsohon. Mutumin da ke cikin wannan hali ya san oda bakwai sun fi ƙarfinsa, amma idan bai karɓi ta bakwai ba ta uku ba za ta fita ba. Ciwonsa jari ne. Ga kuma mu masu kai aiki: wanda ya ce mana mako uku sai mu wuce shi mu tafi wurin wanda ya ce kwana bakwai, mu dawo muna zagi bayan wata guda. Wani ogan ma ba zai so a zana abin da ke kansa a bango ba, don yana ganin ranar da yaro ya gane jadawalin, ranar zai buɗe nasa shagon a tsallaken titi.

Duk da haka, abin da ya rage a hannunmu ya isa a fara, kuma farkonsa littafi ne na 'yan makaranta: ranar da aka karɓi aiki, ranar da kowane ɓangare ya fita ya dawo, abin da aka sake da dalilinsa. Oga ba zai rubuta ba, hannunsa na kan ƙarfe. Amma kowace shekara Jami'ar Bayero, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, da ta Ahmadu Bello a Zariya na tura ɗaliban injiniya koyon aiki na watanni, da yawansu kuma a ofisoshin cikin birni suke ƙarewa suna jiran a sa musu hannu a littafi. Ɗalibi ɗaya da zai zauna a shagon Tudun Wada daga Agusta zuwa Disamba zai fito da alƙaluman da babu su a kowane ɗakin karatu, shagon kuma ya fito da ranakun da zai iya tsayawa a kai. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da cibiyar injinan noma ta Ilori sun daɗe suna fitar da samfuran injinan casa, amma yadda ƙaramin shago zai bi ya ƙera su a kan lokaci bai samu irin wannan kulawa ba. Hukumar SMEDAN, da aka kafa a 2003, da 'yan siyasarmu masu rabon injinan walda duk kakar zaɓe, da za su karkatar da kuɗin inji biyu ko uku su biya wa ɗalibai goma kuɗin mota da ɗaki, da ƙungiyoyin masu walda na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa sun sami abin zama a kai da rani, lokacin da shago ke da sarari, su raba ranakun mai fere ƙarfe a tsakaninsu su kuma haɗa saƙon Kano a mota ɗaya kafin masara ta bushe.